Kare a Falo, Akuya a Waje

Wanda duk ya kama haya a sababbin rukunonin gidaje da ke tsirowa a Kuje, sau da yawa yakan tarar da wani sharaɗi a takardar yarjejeniya, wai ba a yarda da kiwon dabba ba. Da jin haka sai a zaci doka ce ta kowa. Amma abin da muke gani shi ne, akuya da rago da kaji ake kora, karen Turai kuwa yana kwana yana haushi ba mai cewa uffan.

Abin tambaya a nan shi ne, wa ya tarar da wani? Tun kafin dokar soja mai lamba 6 ta 1976 ta mayar da ƙasar Abuja hannun Gwamnatin Tarayya, Gade da Gbagyi suna noma da kiwo a Kuje. Shi kansa mai gidan da ke tada jijiyar wuya, aron shekara 99 aka ba shi filin. Ashe ɗan haya ne yake yi wa ɗan haya iko.

A wurinmu dabba ba abar ado ba ce. Akuya ita ce asusun matar aure, da ita ake biyan kuɗin makaranta da na asibiti. Rago kuwa tanadin layya ne da suna, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙaramin ma'aikacin da tsadar haya ta koro daga Wuse ko Garki, idan aka hana shi turke, an tura shi ne hannun dillalai a jajibirin Babbar Salla.

Ba mu musun haƙƙin maƙwabtaka. Wari da kuka da ɓarnar shuka cutarwa ce, kuma ba mai son garke a gidan sama. To, sai a hukunta cutarwar. A ƙayyade yawan dabbobi, a wajabta ɗauri da shara da rigakafi, sa'annan a auna kare da akuya da mudu ɗaya.

Muna kira ga majalisar yankin Kuje da masu gidaje su zauna da 'yan haya kafin a rubuta sharaɗi. Dokar da aka kwafo daga benayen Ingila ba ta san turke ba, kuma da ɗan gari akan ci gari.