SHARHI: Kwantiragin wata-wata, manhajar neman biya da siyasar rabon harajin VAT

A ƙarshen kowane wata, takardun neman biya na fita daga ofisoshin lauyoyi da akantoci da kamfanonin tsaro da masu kula da na'urorin kwamfuta ba tare da wani ya sa hannu ba. Manhaja ce ke fitar da su bisa umarnin da aka ba ta tun ranar da aka ƙulla yarjejeniya: adadi kaza, ranar kaza, ga adireshin wane. Shekara da shekaru wannan harka ta tsaya tsakanin mai aiki da mai biya. Sauye-sauyen da aka yi wa dokokin harajin Najeriya sun shigo da hukumar haraji cikin maganar, kuma abin da aka rubuta a waɗannan takardu ya fara shafar kason da kowace jiha ke samu daga Abuja.

A ranar 26 ga Yuni, 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sababbin dokokin haraji huɗu, manyan biyu daga ciki suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, hukumar FIRS kuma ta koma NRS. A watan Agustan 2025 hukumar, ƙarƙashin Zacch Adedeji, ta ƙaddamar da tsarin takardar neman biya ta intanet ga kamfanonin da cinikinsu na shekara ya kai naira biliyan 5. A wannan tsari, takardar da kamfani ya tura wa wani kamfani sai ta bi ta rumbun hukumar ta karɓi lambar shaida. Hukumar ta ce matsakaita da ƙananan kamfanoni za su biyo baya daki-daki.

Kuɗin riƙo iri biyu ne

Abin da ake kira kuɗin riƙo ya kasu gida biyu, kuma rikici kan fara ne daga cakuɗa su. Na farko shi ne ladan da ake biyan ƙwararre duk wata domin ya zauna cikin shiri, ko an neme shi ko ba a neme shi ba. Wannan kuɗi haƙƙinsa ne da zarar wata ya cika. Na biyu kafin alƙalami ne, wato kuɗin da mai neman aiki ke ajiyewa a hannun ƙwararren ana cira daga ciki gwargwadon aikin da aka yi. Wannan amana ce har sai an yi aikin. Ga lauyoyi ma doka ce: ƙa'idojin asusun lauyoyi na 1964 sun wajabta ajiye kuɗin wanda ake karewa a asusu na daban.

Manhajojin lissafi irin su QuickBooks da Zoho Books na iya bambance waɗannan biyu, amma sai an saita su. Ofishin da ya shigar da kafin alƙalami a matsayin kuɗin shiga ya nuna ribar da bai ci ba tukuna. A da, akanta kan gyara irin wannan kuskure a ƙarshen shekara ba wanda ya ji. Idan takarda ta riga ta shiga rumbun hukuma, gyaranta sai da wata takardar soke ta. Haka lamarin yake ga kwantiragin da aka kawo ƙarshensa ta wayar tarho aka manta ba a dakatar da manhaja ba: za ta ci gaba da fitar da takarda duk wata, kowace tana nuna cinikin da bai auku ba, kuma nauyin bayani yana kan mai ofis.

Lissafin da ba ya daidaita

A ɗauki misalin ofishin akanta da ke karɓar naira 500,000 duk wata daga wani kamfani. Harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, wanda ke aiki tun Fabrairun 2020, zai ƙara naira 37,500, takarda ta fita da naira 537,500. Kamfanin da ke biya zai cire kashi 5 cikin 100 na ladan, wato naira 25,000, a matsayin harajin da ake cirewa tun daga tushe, kamar yadda ƙa'idojin 2024 suka tanada ga ayyukan ƙwararru. Abin da zai shiga asusu naira 512,500 ne. Manhajar da ba a koya mata wannan ba za ta riƙa nuna bashin naira 25,000 duk wata, naira 300,000 a shekara, alhali kuɗin haraji ne da aka biya da sunan ofishin. Shaidar wannan biya ita ce rasidin da kamfanin ya kamata ya bayar. Ofishin da bai bi sawun rasidansa goma sha biyu ba yana iya biyan haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya.

Sai kuma faɗuwar naira. Kafin a saki kasuwar canji a Yunin 2023, dala na kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 kuwa ta haura 1,500. Naira 500,000 da ta zarce dala 1,000 ta koma kusan dala 330. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, a ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Manhaja ba ta san wannan ba. Adadin da aka ba ta shi take maimaitawa, kuma sauƙin da take kawowa kan sa a manta da zama teburin sake ciniki. Yarjejeniyar da ba ta da sharaɗin duba farashi lokaci-lokaci tana cin mai aiki a hankali, ga shi da yawa daga waɗannan manhajoji da dala ake biyan kuɗin hayarsu.

Sabuwar dokar haraji ta yafe wa ƙananan kamfanoni harajin riba, amma ta fitar da masu ayyukan ƙwararru daga wannan rukuni komai ƙanƙantarsu. Matashin lauya ko akanta da ya yi rajistar kamfani da kwastomomi uku ba zai ci wannan rangwame ba, kuma kuɗin riƙon nan shi ne abin da yake biyan haya da albashi da shi.

Inda adireshi ya zama siyasa

A Oktoban 2024 gwamnonin Arewa da sarakuna sun taru a Kaduna suka yi watsi da shawarar kwamitin Taiwo Oyedele ta raba kashi 60 cikin 100 na kason jihohi bisa inda haraji ya fito. Fargabarsu ta samo asali ne daga tsohon tsari, inda ake lissafa harajin a jihar da hedikwatar kamfani take, galibi Legas. Bayan doguwar taƙaddama aka daidaita: gwamnatin tarayya kashi 10, jihohi 55, ƙananan hukumomi 35. A cikin kason jihohi, rabi a raba daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa wurin da aka yi amfani da kaya ko hidima.

Wannan kashi 30 ya dogara kacokan ne a kan bayanan da kamfanoni ke miƙawa. Kamfanin tsaro da ke gadin rassan banki a Kano da Gusau da Maiduguri, idan kwantiraginsa ɗaya ne, takardarsa ɗaya ce duk wata, kuma adireshin da ke kanta na hedikwatar bankin ne a Legas, to hidimar da aka yi a jihohi uku za ta iya bayyana kamar an yi ta a jiha ɗaya. Kuskure a cinikin rana ɗaya sau ɗaya yake aukuwa. A kwantiragin wata-wata kuwa yana maimaita kansa muddin yarjejeniyar na raye. Gwamnonin sun ci nasarar sauya lafazin doka, sai dai amfanin nasarar yana hannun hukumomin harajin jihohi, idan suna da ma'aikatan da za su iya neman waɗannan bayanai su tantance su.

Gwamnati ma kwastoma ce

Ma'aikatu da gwamnatocin jihohi na cikin manyan masu riƙe lauyoyi da masu ba da shawara da kafafen yaɗa labarai da kuɗin wata-wata. Irin wannan kwantiragi ya fi aikin titi wuyar bibiya, domin babu gini ko kwalta da za a je a gani, kuma sabunta shi ba ya jan hankali kamar bayar da sabo. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 sun bai wa ɗan ƙasa damar tambayar hukumomin tarayya nawa ake biya, wa ake biya, da aikin da aka yi. Fasahar da za ta nuna wa hukumar haraji takardar ƙaramin akanta ita ce kuma za ta iya nuna wa jama'a jerin waɗanda ke karɓar kuɗin riƙo daga baitulmali, idan aka ga dama.

Ga masu ofisoshi, aikin da ke gabansu a fili yake: raba amana da lada a cikin littafi, saita harajin tushe, adana rasidai, rubuta ainihin wurin da aka yi aiki, da sanya ranar duba farashi a kowace yarjejeniya. Ga majalisun jihohi kuwa, tambayar da ta dace su yi wa kwamishinonin kuɗi ita ce ko akwai wanda ke duba yadda ake lissafa kashi 30 ɗin da aka shafe watanni ana jayayya a kansa.