Jaruman Littattafan Zane Da Shubuhar "An Karɓe Mu"



Ya 'yan'uwa masu karatu, duk wanda ya tsaya a bakin ƙofar wata Islamiyya lokacin tashi zai ga abin da muke gani: yaro ya rungumo Alƙur'aninsa, amma a bayan jakarsa ga hoton Spider-Man ya baje yatsu, na kusa da shi kuwa rigar Superman ce a ƙarƙashin kaftaninsa. Da a nan abin ya tsaya, da mun bar wa iyaye da malaman tarbiyya. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata shubuha da ta soma fitowa daga bakin manya, masu ilimin zamani, cewa waɗannan jarumai na Amurka alamu ne na karɓar wanda ya bambanta da jama'a, kuma tun da yanzu an zana Musulmi a cikinsu, to lalle an karɓe mu, sai mu yi murna. Mu kuwa muna cewa a dakata da guɗa, a fara duba sharuɗɗan wannan karɓa tukuna.

Gaskiyar da ke cikin maganarsu

Addininmu ya hore mu da yin adalci ko da ga wanda muke saɓani da shi, saboda haka za mu fara da abin da suka faɗa daidai. Gaskiya ne waɗanda suka ƙirƙiro waɗannan jarumai sun ɗanɗani zaman baƙunta. Superman ya fito a 1938 daga hannun samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, 'ya'yan Yahudawan da suka yi ƙaura daga gabashin Turai. Labarin da suka tsara labarin ɗan gudun hijira ne: jariri da aka tsirar daga wata duniya da ta tarwatse, wasu manoma suka tsince shi suka rene shi. A 1963 Stan Lee da Jack Kirby suka fito da X-Men, mutanen da aka haifa da wata halitta ta daban, jama'a na tsoronsu kuma tana ƙinsu. A 1966 su biyun dai suka zana Black Panther, sarkin wata ƙasar Afirka ta ƙage mai suna Wakanda. Ba mu musun cewa yaro maraya, ko baƙar fata, ko ɗan baƙi, ya karanta waɗannan ya ji sanyi a ransa. Tambayarmu ita ce: me aka ce masa ya biya kafin a karɓe shi?

Sharaɗi na farko: ka ɓoye kanka

Babu abin da ya fi yawa a cikin waɗannan littattafai kamar rufin fuska da suna biyu. Superman yakan sa tabarau ya koma Clark Kent, ya ɓoye sunansa na asali da garinsu, domin ya samu zama cikin mutane. Masu zanen ma haka suka rayu. Sunan Jack Kirby na yanka Jacob Kurtzberg, Stan Lee kuwa Stanley Lieber. Mutanen da suka zana wa duniya rufin fuska sun riga sun sa wa sunayensu irinsa.

Ku dubi Kamala Khan, wadda ake yi mana tutiya da ita. Kamfanin Marvel ya ba ta littafinta a 2014, 'yar shekara 16, iyayenta 'yan Pakistan mazauna Jersey City. Cikin waɗanda suka tsara ta akwai Musulmi biyu, Sana Amanat da G. Willow Wilson. A fitowar farko an nuna ta tana shinshina naman alade cikin sha'awa a wani kanti, ta tsallake taga da dare ta tafi wurin casu, kuma da ƙarfin ya zo mata, siffar da ta fara rikiɗa ta ɗauka ita ce ta Baturiya mai farin gashi. Gaskiya ne daga baya ta koma siffarta, an kuma nuna limamin unguwarsu da mutunci. Amma wanda ya fi kowa riƙo da addini a gidan, wato yayanta, shi aka fara gabatarwa a matsayin zauna-gari-banza da uba ke yi wa gori. Yarinya Musulma da ta karanta wannan ta fahimci darasin tun kafin a fassara mata: addini ado ne da ake yarda da shi gwargwadon yadda bai hana ka zama kamarsu ba.

Kafin Kamala an yi Sooraya Qadir a 2002, 'yar Afganistan mai niƙabi, shekara guda bayan sojojin Amurka sun shiga ƙasarta. Yadda aka shigo da ita labarin shi ne wani jarumi Bature ya ƙwato ta daga hannun masu cinikin bayi. A 2012 kamfanin DC ya kawo Simon Baz, Balaraben Amurka, aka fara nuna shi yana satar mota, ana tuhumarsa da ta'addanci. Wato ko da za a yi wa Musulmi alheri a takarda, sai an fara shigo da shi ta ƙofar tuhuma ko ta ƙofar tausayi.

Sharaɗi na biyu: ka zama mai amfani fiye da kowa

Me ya sa mutanen birni suke haƙuri da Superman alhali baƙo ne? Saboda yana tare jirgin sama kada ya faɗi. Cire masa ƙarfin nan, ka bar shi da baƙuntarsa kawai, sa'an nan ka ga ko za a buɗe masa ƙofa. Tarihi ya riga ya ba da amsa. A 1939, shekara ɗaya tak bayan fitowar Superman, jirgin ruwa mai suna St. Louis ya doso gaɓar Amurka ɗauke da Yahudawa fiye da 900 masu gudun zaluncin Hitila, aka hana su sauka, suka koma Turai, da yawansu suka halaka a can. Ɗan gudun hijira na takarda yana ta samun kasuwa, na jini da tsoka an kore shi. A 1942 kuma gwamnatin ƙasar ta tsare kimanin mutum 120,000 masu asalin Japan a sansanoni, akasarinsu haifaffun Amurka.

Kada wani ya ce wannan tsohon zance ne. A watan Mayu na 2018, wani matashi ɗan Mali, Mamoudou Gassama, wanda ya ratsa hamada da teku ya shiga Faransa ba shi da takardar zama, ya hau bene hawa huɗu da hannuwansa a birnin Faris ya ceto wani yaro da ke reto. Jaridu suka raɗa masa suna Spider-Man, Shugaba Macron ya gayyace shi fada, aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa. Kafin shi, a watan Janairu na 2015, an yi wa Lassana Bathily haka, shi ma Musulmi ɗan Mali, bayan ya ɓoye mutane a wani kantin Yahudawa lokacin da aka kai hari. Allah Ya saka musu da alheri, aikin ƙwarai suka yi. Amma ina labarin dubban 'yan'uwansu da suka bi ta Agadas, waɗanda ba su iya hawa bene ba, waɗanda teku ta cinye ko aka jefa a mota aka mayar? Ga falsafar littafin zane ta sauko daga takarda ta zama hukuncin hukuma: baƙo ba ya cancantar zama sai ya yi abin al'ajabi.

Sharaɗi na uku: ka zama haja

Waɗanda suke riƙe da waɗannan jarumai 'yan kasuwa ne. Siegel da Shuster sun sayar da Superman a kan dala 130, suka tsufa cikin talauci, sai a 1975 aka yanka musu ɗan abin da za su riƙa karɓa duk shekara bayan an yi ta surutu. A 2009 kamfanin Disney ya sayi Marvel a kan kimanin dala biliyan 4. Fim ɗin Black Panther na 2018 ya tara fiye da dala biliyan 1.3, aka yi ta shelar cewa ranar baƙar fata ta zo. Shekara biyu bayan haka, a watan Mayu na 2020, ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa a Minneapolis har ransa ya fita. Haka nan jihar New Jersey da aka zaɓa wa Kamala Khan, a nan ne aka bankaɗo a 2011 da 2012 cewa 'yan sandan birnin Niyok suna leƙen asirin masallatai da shagunan Musulmi. A 2017 kuma, littafinta na tsakiyar kasuwa, aka sa hannu a dokar hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shiga Amurka. Ɗan kasuwa ya gano cewa kana da kuɗin sayen tikiti, wannan shi ne iyakar abin da ya faru.

Wasu sun ce to mu yi namu a kan tsarinsu. An gwada. A 2006 Dokta Naif al-Mutawa na Kuwait ya fito da The 99, jarumai da aka raɗa wa sunaye daga kyawawan sunayen Allah, har Shugaba Obama ya yaba masa a 2010. Tashar talabijin ta yara da ta shirya nuna shi a Amurka ta janye bayan wasu marubutan jaridu sun yi ca a kansa, a 2014 kuma Muftin Saudiyya na lokacin, Shaikh Abdul'aziz Al Shaikh, ya yi fatawar haramta shi. Fatawar tana kan hanya, domin rarraba siffofin Mahalicci ga zanannun mutane wasa ne da tauhidi, ko da niyyar mai yin ta yi kyau. An taɓa aƙida domin neman shiga, shigar ma ba ta samu ba. Kayan aro dai ba ya ado.

Mizanin Musulunci

Aya ta 70 a Suratul Isra'i ta tabbatar da karamcin ɗan Adam tun daga halittarsa, aya ta 13 a Suratul Hujurat kuma ta bayyana hikimar bambancin ƙabilu, ta ɗora fifiko a kan taƙawa. Babu sharaɗin ƙarfi, babu na rufe fuska. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, bai tare wa kowa jirgi ba, amma saboda shi aka saukar da farkon Suratu Abasa, ya zama ladani, kuma Annabi (SAW) ya sha barin Madina a hannunsa idan zai fita. Bilal bai canza launinsa ko sunansa ba ranar da ya hau Ka'aba ya yi kiran salla a shekara ta 8 bayan hijira. Abu Huzaifa, ɗan manyan Ƙuraishawa, ya aurar da 'yar ɗan'uwansa ga Salim, 'yantaccen bawa. Ata'u ɗan Abu Rabah, baƙin mutum mai naƙasa a jiki, shi ne ya zama abin komawa a fatawa a Makka. Malcolm X, wanda masu sharhi sukan kamanta da Magneto, mugun labarin X-Men, bai samu waraka daga ciwon wariyar launi ba sai a aikin Hajjin 1964, inda ya ci abinci a akushi ɗaya da fararen fata.

Laifi tudu ne

Sai dai, ya 'yan'uwa, kada mu taka namu mu hango na wani. Me ya sa yaronmu yake neman kansa a jikin Spider-Man? Mu tambayi kanmu yadda muke yi da gurgu da makaho da kurma a makarantunmu, da sunayen da muke kiran zabiya da su a unguwa. Gidaje nawa ne a cikinmu, masu da'awar bin Sunna, har gobe suke hana aure saboda an ce kakan yaro mahauci ne ko maƙeri ko wanzami? Wanda ya musulunta shekara ashirin da suka wuce, har yanzu tubabbe muke ce masa, 'ya'yansa ma su gaji sunan. Almajiri yana wanke mana kwano, ba mu taɓa tambayar sunan garinsu ba. Duk yaron da aka nuna wa cewa shi bare ne a masallacin unguwarsu zai tafi neman inda za a ce masa zo, ko da masu kiran 'yan kasuwa ne.

Saboda haka ƙwace jakar yaro a ƙona ba zai magance komai ba. Muna kira ga iyaye su zauna da 'ya'yansu su tambaye su abin da ya burge su a jikin waɗannan jarumai, sa'an nan su nuna musu sharuɗɗan nan uku. Muna kira ga malaman Islamiyya su mayar da tarihin sahabbai darasi mai rai, a ba da labarin Bilal da Julaibib da Nusaiba yadda yaro zai riƙe numfashi, a daina karanto shi kamar jerin sunaye. Marubutanmu su rubuta wa yara labarai da Hausa mai daɗi, cikin iyakokin shari'a. Kwamitocin masallatai kuma su duba ko mai keken guragu zai iya shiga sahu, su kuma tsawata wa masu hana aure saboda sana'ar kaka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata, Ya shirya mana zuriyarmu.