Ƙungiyar Aro: Wa Muke Bi Idan An Fitar Da Tamu?



Maganar wannan makon ta ƙwallo ce. Mun san akwai masu taɓe baki tun daga nan, to a daure a karanta, don ko wanda bai san bambancin fenariti da kwana ba yana da rabo a ciki.

Duk shekara idan gasar Zakarun Turai ta shiga zagayen sili ɗaya ƙwale, marayu kan yi yawa a cikin birnin Zariya. Daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo, daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, duk gidan kallon da ka leƙa za ka tarar da yawancin waɗanda ke kan benci an riga an kora ƙungiyarsu gida, wasu ma tasu ba ta sami gurbi ba tun farko. Amma sun biya kuɗin shiga, kuma ba mai iya zaman minti 90 cikin zafin kwano da ƙarar janareta bai ɗauki ɓangare ba. Dole a yi aro. Ɗan Arsenal ya kwana a Liverpool, ɗan Barcelona ya ari rigar duk wanda zai kara da Madrid.

Ra'ayinmu shi ne, ƙungiyar da mutum ya ara a irin wannan dare ta fi faɗa maka ko shi wane ne fiye da wadda yake bi shekara da shekaru. Ta kullum ɗin nan yawancinmu ba mu muka zaɓa ba. Wani yayansa ya gani yana bi, wani rigar da aka sayo masa a gwanjo ce ta ɗaura masa aure da ƙungiyar tun yana firamare. Waɗanda suka yi wayo lokacin da Kanu ya koma Arsenal a 1999 suka zama 'yan Arsenal, na bayansu da suka tarar da Mikel a Chelsea daga 2006 suka zama 'yan Chelsea. Gado ne. Aro kuwa da hankalinka kake yin sa, kana babba, kuma a gaban mutane.

Akwai masu cewa aron ƙungiya rashin amana ne, wai magoyin baya na gaskiya idan an fitar da tasa sai ya naɗe hannu ya yi kallo kamar alƙali. Sukan jefo mana karin maganar nan, kayan aro ba ya rufe katara. To amma a cikinmu wa ke sanye da nasa na kansa? Ba mu da ƙungiyar da ke ɗauke da sunan Zazzau a babbar gasar ƙasar nan. Landan da Madrid ba su san da zamanmu ba, son maso wani muke yi tun asali. Da asali ake bi, da Newcastle ya kamata birnin nan ya bi, tunda Shola Ameobi da ya yi musu wasa daga 2000 zuwa 2014 a Zariya aka haife shi a 1981. Ku nemo mana ɗan Newcastle ɗaya a Kwarbai saboda shi. Wanda ya ari riga shekara ashirin ba shi da bakin yi wa wanda ya ara na dare ɗaya gori.

Saboda haka aro ba laifi ba ne. Abin tambaya shi ne dalilin aron.

Dalilin da ya fi yawa, mu faɗi gaskiya, ƙiyayya ce. A wasan ƙarshe na 2019 a Madrid, Liverpool ta haɗu da Tottenham. Ɗan Arsenal ba shi da wani tunani, don Tottenham maƙwabciya ce a arewacin Landan, kuma in ta ɗauki kofin da Arsenal ba ta taɓa ɗauka ba, ba sauran zaman lafiya a majalisa. Salah ya ci fenariti tun minti na biyu, Origi ya ƙara ta biyu, 'yan Arsenal suka yi barci mai daɗi. A 2022 Madrid ta ci Liverpool 1-0 a Faris, sai gidan kallo ya rabu yadda ba ka zata ba: 'yan Barcelona na bayan Liverpool, 'yan Manchester United na bayan Madrid. A 2023 kuma duk ɗan United ya zama ɗan Inter Milan na dare ɗaya, har Rodri ya ci wa Manchester City ƙwallon da ta ba ta kofin. Mutumin da bai iya kawo sunan 'yan wasan Inter uku ba, ga shi yana dafe kai kamar an yi masa rasuwa.

Ku lura da irin wannan mai aron idan ƙwallo ta shiga. Ba allo yake kallo ba. Juyawa yake ya nemi fuskar abokinsa. Shi bai damu da Inter ba, kuma Manchester City ba ta taɓa yi masa komai ba. Abokin da za su haɗu gobe a teburin mai shayi, shi ne abokin karawar.

Ba za mu ce a daina ba, domin mu Zage-zagi mun fi kowa sanin daɗin tsokana. Tsakaninmu da Kanawa wasa ne tun kaka da kakanni, kuma wasan nan yana da ƙa'ida ko da ba a rubuta ta ba: a gaban idonsa kake faɗa, ka tsaya ya rama, kuma ba a kai wa ga iyaye ko abin da mutum ke ci da shi. In aron ƙiyayya ya tsaya a wannan iyaka, gishirin kallo ne. Inda yake lalacewa shi ne mai zolaya ya kasa ɗaukar zolaya. Ranar da aka ci ƙungiyar abokinsa shi ne mai kira har sau biyar, ranar da aka ci tasa kuma wayarsa a kashe, in an yi magana ya zare ido. Duk mun san abokan da suka yi watanni ba sa gaisawa, mun kuma san gidajen kallon da aka taɓa tashi ana jifa da benci, a kan ƙungiyoyi biyu da babu tasu ko ɗaya a ciki.

Aron da ya fi ba mu sha'awa shi ne wanda ke sa mutum ya tsaya ya auna abubuwa biyu da yake so. Gasar Kofin Duniya ta 2022 a Katar ta ba mu irinsa har sau biyu. Najeriya ba ta je ba, kuma Gana ce ta hana mu a watan Maris na shekarar: canjaras ba ci a Kumasi, 1-1 a Abuja, suka wuce da ƙwallon da suka ci a waje. To sai a bi Gana ko a yi mata fatan faɗuwa? Ga haushi ɗanye. Ga kuma Mohammed Kudus, yaron Nima, unguwar da ake Hausa a tsakiyar Akra, yana zuba wa Koriya ta Kudu ƙwallo biyu. Ga tsohon bashin 2010, lokacin da Suarez ya tare ƙwallo da hannu a kan layi, Asamoah Gyan ya ɓarar da fenariti, Afirka ta rasa kaiwa wasan kusa da na ƙarshe. Mu dai Gana muka bi, kuma da aka sake haɗa su da Yurugwai aka ci su 2-0, ciwon da muka ji ba na aro ba ne.

Sai Maroko. Ta ci Beljiyam, ta fitar da Sifaniya a bugun fenariti, ta fitar da Fotugal da ƙwallon En-Nesyri, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Kusan kowa ya bi ta, amma ba don abu ɗaya ba. Wani don Afirka, wani don sujadar da suke yi a fili, wani don ya ga Hakimi ya je ya rungumi mahaifiyarsa a cikin 'yan kallo, Boufal kuma ya jawo tasa suna rawa a kan ciyawa. Da Boufal ya sadaukar da nasarar kan Sifaniya ga Larabawa da Musulmi bai ambaci Afirka ba, har sai da ya fito ya ba da haƙuri, sai masu aron suka rabu: waɗanda suka zo don addini ba su ga abin fushi ba, waɗanda suka zo don nahiya suka ji kamar an nuna musu ƙofa. Da aka zo karawa da Faransa kuma wasu suka ce ai su ma 'ya'yan Afirka ne, tunda mahaifin Mbappe ɗan Kamaru ne, Kolo Muani da ya ci ta biyu kuma iyayensa 'yan Kwango ne. A benci ɗaya, a dare ɗaya, mutane suna gardamar wa ya cancanci a kira shi namu. Wannan tambaya ce da malamai ke rubuta littattafai a kanta a Samaru, ga ta ana yin ta kyauta da ƙarfe tara na dare.

Na gida ma akwai. A watan Yulin 2019 aka buga wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, tsakanin Kano Pillars da Niger Tornadoes ta Minna. Shekarar da ta gabata Pillars ta yi abin da Bakano ba ya son a tuna masa: tana gaban Rangers da 3-0 a Asaba, aka farke duka, aka cinye ta a fenariti. Bazazzagi ya samu abin tsokana na shekara guda cur. Duk da haka a ganinmu wanda ya bi Pillars a Kaduna, ya yi murna da ta ci 4-3 a fenariti, sannan washegari ya ci gaba da tuna wa Kanawa Asaba, shi ya fahimci wasan.

Mutum biyu ne ba mu karɓi aronsu ba. Na farko shi ne mai jira sai an tashi sannan ya ce "ai da ma su nake bi". Na biyu ya fi ba mu tsoro, wato wanda takardar caca ke zaɓar masa ƙungiya. Za ka gan shi yana ihu a yi kwana, ko a ba wani katin gargaɗi, kuma ba ya jin komai in ƙungiyar da ya taso da ita ce aka ci, muddin takarda ta shiga. Ga haramci, ga jarin sana'a da kuɗin makaranta da ke tafiya, ga shi an raba yaro da abin da ya kawo shi gidan kallo tun farko.

Me ya kawo duk wannan zauren marubuta? A garin nan aka shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, a nan Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Amma in ka duba labaran da muke rubutawa yau, da wuya ka ga jarumi ya shiga gidan kallo, alhali nan samarinmu suka fi kashe darensu. Muna ɓata shafi biyu muna gaya wa mai karatu cewa wane mai hassada ne, ko mai riƙon amana ne. Ka zaunar da shi a benci daren da ba tasa ke wasa ba, ka sa maƙwabcin da yake bin sa bashi ya zama ɗan ƙungiyar da ke fili, ka bar shi ya zaɓa. Ko ka ba mu tela ɗan Arsenal da surukinsa ɗan Tottenham a daren 1 ga Yunin 2019, ga kunya ga murna, mu ga yadda zai yi da fuskarsa.

Wanda zai iya, wasa mai zuwa ya je da wuri ya kama bencin baya. Kada ya damu da allo. Idan ƙwallo ta shiga ya duba cikin waɗanda ba tasu ke wasa ba, wa ya fara miƙewa, kuma wajen wa ya juya.