Keken guragu a bakin ƙofar mota

Garin Gure yana bisa hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Damagaram ta nufi Difa. Manyan motocin fasinja suna tsayawa a garin, fatake da ma'aikatan gwamnati suna hawa suna sauka. Amma gurgu, ko tsohon da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar, in tafiya asibitin Damagaram ta kama shi, a bakin ƙofa yake tsayawa. Motocin dogaye ne, ƙofa ƙunci gare ta, matakalu kuma a miƙe suke. Sai ƙarti biyu sun ɗauke shi kamar buhun hatsi, a tura kekensa cikin kaya. Ga mace baliga, wannan ɗauka a idon jama'a kaɗai ta isa ta fasa tafiya.

Ba doka aka rasa ba. Tun ranar 2 ga watan Maris 1993 Nijar ta kafa doka mai lamba 93-012 domin kare naƙasassu. A 2008 ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu, wadda ta ambaci sufuri ƙarara. A watan Disamba 2019 kuma aka ƙara doka mai lamba 2019-62. Abin da ya rage shi ne maganar ta sauko daga takarda ta iso tasha.

A ƙasashen Turai da Amurka motocin haya na jama'a suna ɗauke da na'ura iri biyu. Akwai mai ɗaga keke sama da ƙarfin mai da batir, ita ake sa wa dogayen motoci. Akwai kuma faifan ƙarfe da yake fitowa daga bakin ƙofa ya zama gangara, a motoci masu gajeren ƙasa. Amurka ta wajabta su da dokar naƙasassu ta 1990. Sai dai masu mulki sun san na'urar da ba a duba ta ba, ranar buƙata take ƙin tashi. Don haka ƙa'idar ma'aikatar sufurinsu ta ce a riƙa gwada ta a kai a kai, direba kuma ya ba da labari nan take in ta tsaya. Motar da na'urarta ta mutu ba ta fita aiki washegari sai an gyara. In babu wata motar da za ta canje ta, an yi rangwamen kwana 3 a wurin da mutane suka wuce 50.000, kwana 5 a ƙaramin wuri.

Wannan ƙa'ida ita ce abin koyi, fiye da na'urar kanta. Ƙasar Muniyo ƙasar rairayi ce. Ƙurar hunturu tana shiga mahaɗan ƙarfe, ta cakuɗe da man shafawa ta riƙa cin ƙarfen. Zafin bazara yana busar da roba, mai ya yi ta yoyo. Girgizar hanya tana kwance wayoyi. Kayan gyara kuwa daga ƙetare suke zuwa. Mai motar da ya sayo na'ura bai ware kuɗin sharewa da shafa mai da horar da makaniki ba, asara ya sayo, gurgu kuma yana nan inda yake.

Akwai abin da ya fi sauƙi. Maƙeran walda na Gure da Damagaram suna iya ƙera gangarar ƙarfe mai naɗewa, wadda ba ta buƙatar batir, domin ƙananan motoci. Domin manya kuma, ma'aikatar magajin gari tana iya gina dakali mai gangara a tasha, tsayinsa daidai da ƙofa. Kamfanonin sufuri su keɓe kujerar gaba, su daina lissafa keke cikin kayan biya. A ɗora wa mutum guda alhakin duba gangarar kowace safiya, a kuma nemi shawarar Tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta Nijar kafin a auna ko a sayo.

Ɗan kasuwa ya sani gurgu ma fasinja ne, kuma ba ya tafiya shi kaɗai. Ma'aikaci kuma ya tuna haɗarin hanya ba ya tambayar muƙami. Allah ya ba masu iko ikon gyarawa.