Dokin Yaƙi Ma Ya Cancanci Tunawa

Kowace 15 ga Janairu, Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya, shugabanni kan ajiye furanni a Abuja, su saki fararen tattabaru. Amma da wuya a ambaci dabbobin da suka sha wuya a fagen daga.

Tarihin Bauchi ya ishe mu shaida. Da mahaya dawakai Malam Yakubu ya kafa masarautarsa, da su ya tare rundunar Shehu Laminu na Barno a 1827. Yau sulke da lifidi sun zama adon hawan Sallah, tankokin yaƙi sun gaji aikin doki. A dazukan Bama kuwa, inda sojojinmu suka fafata a 1944, alfadarai sun yi dakon makamai.

Birtaniya ta gina wa irin waɗannan dabbobi wurin tunawa a Landan a 2004. Mu ba mutum-mutumi muke nema ba, balle faretin karnukan gida. Kiranmu ga masu tsara kasafin hukumomin tsaro shi ne: a ware wa dawakan sintiri da karnukan gano bam kuɗin abinci, magani da kulawa bayan ƙarfinsu ya ƙare. Yaba kyauta tukwici.