Tocilar Aljihu Ba Kayan Ado Ba Ce

Malamai da akawuna da yawa sun bar riƙon tocila, wai hasken wayarsu ya wadatar. A ganina wannan ganganci ne. Wanda ya taso daga aiki bayan magariba, ga wuta an ɗauke, in ya dogara ga waya sai cajinta ya ƙare daidai lokacin da ya ke bukatar kira. Da damina kuwa kububuwa da kunama ba su ba kowa hanya.

To, wace iri za a saya? Na farko, mai ƙwan LED, domin ba ta cin batir kamar tsohon ƙwai mai zare. Na biyu, mai ɗaukar batir guda na AA, wanda a ke samu ko a kasuwar ƙauye, gama mai caji takan ba da kunya inda babu lantarki. Na uku, mai jikin ƙarfe da makunni mai ɗan tauri, kada ta kama da kanta cikin aljihu. In za a ajiye ta kwana da kwanaki, lalle a cire batir, don yakan yi yoyo ya ci ƙarfen.

Kada arha ta ruɗe mu, jama'a, arha ba ta ado. Allah ya kiyashe mu.