Jim Hurtubise, Direban Da Ya Sa Aka Lanƙwasa Masa Yatsu Don Riƙon Sitiyari

Cikin shekarar 1964, a wani asibitin soja mai suna Brooke da ke birnin San Antonio na Jihar Teksas a ƙasar Amurka, likitoci sun tsaya a kan wani majinyaci wanda wuta ta cinye wa hannuwa biyu. Suka gaya masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye, watau yatsunsa ba za su ƙara motsi kamar da ba, kuma duk siffar da aka gyara su a kanta, haka za su sandare har iyakar ransa. Majinyacin ya roƙe su da su lanƙwasa yatsun yadda za su iya riƙe sitiyarin mota. Sunan wannan mutum Jim Hurtubise, shekarunsa 31 a lokacin, sana'arsa kuwa tseren mota, ita ce kuma ta jefa shi cikin wutar da ta kwantar da shi.

An haifi Hurtubise ran 5 ga Disamba 1932 a garin North Tonawanda na Jihar New York. Kamar yawancin direbobin tsere na zamaninsa, a fagen ƙasa ya koyi sana'ar, cikin ƙananan motocin nan da Amurkawa ke kira sifirint. Ita wannan mota ba ta da rufi, tayoyinta huɗu a waje suke tsirara ba abin da ya kāre su, kujera ɗaya ce tak a cikinta, ga jiki ƙarami ga inji mai ƙarfin gaske. Fagen tseren kuwa da'ira ce mai ɗan tsawo, sau da yawa rabin mil, an shimfiɗa mata jar ƙasa an yayyafa ruwa. Idan direba ya iso kwana, sai ya karkata motar ta tafi a gicciye tana watsa ƙasa, yana juya sitiyari dama alhali hagu ya nufa. A shekarun 1950 motocin ba su da kejin ƙarfen nan da ke kāre kan direba in mota ta kife, saboda haka da wuya shekara ta fita ba a yi jana'izar wani ba. A wannan makaranta Hurtubise ya yi suna, tare da abokinsa Parnelli Jones, suna yawo daga gari zuwa gari suna neman abinci da gudu. Saboda ƙarfin zuciyarsa 'yan kallo suka laƙaba masa suna Herk, watau gajarcen Hercules, gwarzon tatsuniyoyin Girkawa.

Daga nan ya hau manyan motoci na gasar ƙasa baki ɗaya. Ya ci tsere a Sacramento cikin 1959, ya ci a Langhorne cikin 1960, sa'an nan ya ci a Springfield sau biyu, 1961 da 1962. Duk huɗun a fagen ƙasa ne. Nasarar Langhorne kuwa ba ta zo da murna ba, gama a cikin wannan tsere ne Jimmy Bryan, wanda ya ci babbar gasar Indiyanafolis ta 1958, ya kife da mota ya mutu. Haka sana'ar take a wancan zamani, a miƙa wa wani kofi a ɗauki gawar wani duk yini ɗaya.

Amma burin kowane direba na Amurka shi ne Indiyanafolis. Tun 1911 ake yin wannan gasa ta mil 500 a wani fage mai kewayen mil biyu da rabi, a zagaya shi sau 200, kuma bisa al'ada motoci 33 ke shiga. Kafin a ba mutum gurbi sai ya yi gwajin zagaye huɗu shi kaɗai, a auna gudunsa. Cikin 1960 Hurtubise ya zo a matsayin baƙo, ya yi gudun mil 149.056 cikin awa ɗaya, ya karya tarihin fagen, ya wuce wanda ya sami gurbin farko da fiye da mil biyu. Saura ƙiris ya kai mil 150, adadin da ba wanda ya taɓa kaiwa har sai da abokinsa Jones ya kai cikin 1962. Da yake ba ranar farko ya yi gwajin ba, doka ta ajiye shi a gurbi na 23, amma duk da haka shi aka zaɓa gwarzon sababbin shiga na shekarar. Cikin 1961 ya tashi daga sahun gaba ya ja ragamar zagaye 35 na farko kafin injinsa ya ba shi kunya. Cikin 1963 kuma Andy Granatelli ya ba shi motar nan mai suna Novi, wadda ta shahara da ƙara mai tsaga kunne da rashin sa'a, ya ajiye ta a gurbi na biyu, ya kuma riga kowa kammala zagayen farko. Jama'a sun ƙaunace shi ƙwarai, domin ba ya ɗaga ƙafa a inda sauran ke ɗagawa.

Sai ga shekarar 1964, shekarar wuta. A gasar Indiyanafolis ta wannan shekara direbobi biyu, Eddie Sachs da Dave MacDonald, suka mutu cikin gobarar fetur tun a zagaye na biyu. Mako guda bayan haka, ran 7 ga Yuni, aka taru a Milwaukee. Rodger Ward yana gaba, A.J. Foyt na bin sa, Hurtubise na bin Foyt a kusa da kusa. Motar Ward ta sami matsala ta rage gudu ba zato, Foyt ya taka birki, Hurtubise ya hau tayarsa. A motar da tayoyinta ke waje, in taya ta taɓa taya sai ta baya ta tashi sama. Ya bugi katanga, tankin mai ya fashe, wuta ta kama. Da aka fitar da shi, wajen kashi 40 cikin 100 na jikinsa ya ƙone, hannuwa da fuska su suka fi shan wuya. Aka kai shi asibitin Brooke, wanda ya shahara wajen jinyar ƙuna, ya yi watanni ana yankar fata daga wani sashe na jikinsa ana liƙawa a wani.

Wanda ya sha irin wannan wuya ya ce ya bar tuƙi, ba mai ganin laifinsa. Hurtubise kuwa cikin 1965 ya koma fage da lanƙwasassun yatsunsa. Cikin watan Maris na 1966 ya shiga tseren mil 500 na Atlanta, wanda ake yi da manyan motoci masu rufi, a cikin wata Plymouth ta Norm Nelson, ya kuma zo na ɗaya. Awa uku da wani abu yana murɗa mota mai nauyi da hannuwan da fatarsu ba ta gama ƙwari ba. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, to ran nan Hurtubise ya sha romon nasa dutsen. Da labarin ya ƙare a nan, da sai a ce ya ƙare da daɗi.

Sai dai yayin da yake kwance a asibiti, sana'ar tana sauya kama. Tun fil azal motocin Indiyanafolis injinsu a gaba yake, direba na zaune a bayansa. Cikin 1961 Jack Brabham ya zo daga tseren Turai da wata 'yar ƙaramar mota ta kamfanin Cooper mai inji a bayan direba, ya zo na tara ko da yake injinsa ya fi na kowa rauni. Masu hankali suka lura. Mota mai inji a baya ta fi sauƙin nauyi, ta fi kwanciya ƙasa, nauyinta yana kan tayoyin da ke tura ta, saboda haka takan sha kwana da gudun da tsohuwar ba za ta iya ba, ga ta kuma ba ta cin taya da mai kamar waccan. Nasarar da Foyt ya samu cikin 1964 ita ce ta ƙarshe ga mota mai inji a gaba. Cikin 1965 Jim Clark, mutumin Sikotilan, ya ci gasar da motar Lotus mai inji a baya, daga nan kowa ya juya.

Kowa ya juya ban da Hurtubise. Ya shiga garejinsa ya ƙera tasa motar mai inji a gaba, ya sa mata suna Mallard, sunan wata agwagwar ruwa, ya rubuta mata lambarsa 56. Cikin 1968 ya samar mata gurbi na 30 a Indiyanafolis. Zagaye tara kaɗai ta yi injin ya ƙone, amma ta shiga tarihi, gama ita ce mota mai inji a gaba ta ƙarshe da ta taɓa shiga wannan gasa. Shekara bayan shekara yana komawa da ita, sababbin motoci suna ƙara gudu, har aka soma ɗora musu fukafukai masu danne su a ƙasa, ita kuwa tana nan jiya-i-yau. Cikin 1972, bayan ya riga ya sami gurbi da wata mota mai inji a baya, ya turo Mallard cikin layin gwaji a ranar ƙarshe. Da lokaci ya cika aka rufe gwaji, sai ya buɗe bonet, aka ga ba inji a ciki, sai kwalayen barasar kamfanin da ke ɗaukar nauyinsa. 'Yan kallo suka yi ta dariya. Mutumin da ya karya tarihin fagen shekara 12 kafin nan, ga shi ya koma mai ba da nishaɗi a bakin hanya.

Shigarsa ta ƙarshe cikin gasar ita ce ta 1974, ta goma ke nan, kuma mafi kyawun matsayin da ya taɓa gamawa a kai shi ne na 13, cikin 1962. Cikin 1978 abin ya kai ga ɓacin rai. Hukumar tsere ta hana shi gwaji bisa hujjar cewa motarsa ba ta nuna gudun da ake bukata ba. Ya yi gardama da alƙalai, ya tare layi, daga bisani ya ruga cikin fagen da ƙafa har sai da masu gadi suka kama shi suka fitar. Ya rasu ran 6 ga Janairu 1989 a Port Arthur ta Jihar Teksas, sanadin bugun zuciya, yana da shekara 56, daidai da lambar motarsa.

Mai karatu zai so ya raba rayuwar wannan mutum gida biyu, ya yabi jarumin Milwaukee da Atlanta, ya yi tsaki ga dattijon da ya ƙi rabuwa da Mallard. Amma hali zanen dutse ne, kuma hali ɗaya ne ya yi aikin duka biyun. Ƙin sallamawar da ta tashe shi daga gadon asibiti ita ce ta hana shi karɓar sabon zamani. Da mai jin magana ne, da ya ji ta masu cewa tuƙi ya ƙare masa, da kuwa ba a ga nasarar 1966 ba. Bambancin kawai shi ne abokin karawa. A karo na farko da jikinsa yake kokawa, jiki kuwa yakan bi zuciya in ta dage. A karo na biyu da lissafin injiniyoyi yake kokawa, shi kuwa lissafi ba ruwansa da ƙarfin zuciyar kowa. Foyt, wanda shi ma ɗan fagen ƙasa ne, kuma ya ƙaunaci tsohuwar mota, ya ga kiɗa ya sauya ya sauya rawa, ya ci gasar cikin 1967 da 1977 da motoci masu inji a baya, ya zama mutum na farko da ya ci ta sau huɗu.

Wannan magana ta shafi duk mai sana'ar hannu da zamani ya zo wa da sabon abu, ko makaniki ne ko tela ko maɗaba'i. Jimiri abin yabo ne, amma wajibi ne mai shi ya riƙa tsayawa yana duban abin da yake jimrewa a kansa, ko wahala ce mai wucewa, ko kuwa hanya ce da ta riga ta toshe. Hurtubise ya gane ta farko sarai cikin 1964, ta biyun ce ta sha masa kai. Duk da haka masu sha'awar tsere a Amurka ba su manta da shi ba, kuma in ana hirarsa, labarin yatsun nan ake fara kawowa kafin a zo kan Mallard.